Ƙafar Baba Gwaji

Yanzu in ka bi ta kwanar da ke tsakanin gidan burodi da tashar bas, rumfar masu gyaran waya za ka tarar, samari sun duƙufa suna tonon cikin wayoyin mutane. Kafin su, wurin na wani mai gyaran takalma ne da kowa ke kira Baba Gwaji. Rumfar tasa ba wata babba ba ce, in ya miƙa hannuwa biyu sai ya taɓa bango da bango. Amma warin gam da man takalmi da ke fita daga cikinta tun daga bakin titi yake tarar mutum. Waɗanda suka tashi a layin nan, har gobe in suka buɗe gwangwanin man takalmi sai sun tuna da shi.

Wata ɗabi'a tasa ce ta ja masa sunan. Ba ya miƙa wa mutum takalmin da ya gyara sai ya sa shi a ƙafarsa ya taka. Akwai bokitin ruwa da tsumma a ƙarƙashin bencinsa. Sai ya wanke ƙafar dama, ya goge, ya zura ta ba safa, ya taka zuwa turken fitilar kan titi ya dawo, kansa a karkace kamar mai sauraron magana daga nesa. In takalmin ya yi masa yawa ya ja shi a ƙasa, in ya yi masa kaɗan ya cusa rabin ƙafa ya ɗingisa. Na yara kuwa babban yatsa kawai yake turawa ya lalube ciki. Ranar da aka kawo na mata mai tsinin dunduniya, masu shagunan layin sai su bar ciniki su fito ƙofa, su sha kallon dattijo mai furfura yana rangaji a kan tsini, fuska a murtuke, ko alamar dariya babu.

"Baba, sauri nake, ba ni shi haka nan," in ji mai takalmi.

"Bari in gwada."

"Ai na ga ya yi."

"Kai ka gani. Ƙafa ba ta ce komai ba."

A wurin ubangidansa ya ɗauko wannan, wani tsoho mai zafin hannu da ya koya masa sana'a tun gemu bai fito masa ba. Tsohon yakan ce hannun mai guduma ya yi kanta, ba ya jin tsinin ƙusa sai ta fito sosai, amma tafin ƙafa ko ƙwayar yashi ba ta wuce shi. Wata rana Baba Gwaji, yana ɗan koyo, ya bar kan ƙusa a cikin wani takalmi bai lanƙwasa ba. Tsohon bai zage shi ba, bai doke shi ba. Sa shi ya yi ya sanya takalmin ya tafi gida da shi a ƙasa, washegari kuma ya dawo da shi. Tun daga nan Baba Gwaji ya riƙe abin hannu bibbiyu. Babban abin alfaharinsa a duniya shi ne, tun da ya kafa rumfar kansa ba a taɓa dawo masa da takalmi an ce ƙusa ta soki mutum ba. Yana faɗin wannan ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Ta haka ma ya samu mata. Tana budurwa ta kawo silifas ɗinta da igiya ta tsinke, ya ɗinke, ya zura yatsu uku ya nufi turken fitila yana taku ɗai-ɗai. Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan bencin masu jira. Da ta tafi ya ga bencin ya yi masa faɗi. Suka yi aure, ta haifa masa tagwaye mata, unguwa ta koma kiranta Maman 'Yan Biyu, shi ma da haka yake kiranta. A ɗakuna biyu da ɗan tsakar gida suka raini yaran, ita da keken ɗinkinta a bakin taga, shi da basillarsa a kwana, har yaran suka girma suka tafi gidajensu.

Ciwon suga ya shigo masa a hankali. Ƙishi ya hana shi sakat, bayan gida ya zama wurin zuwansa a kai a kai, wando ya fara zamewa daga ƙugu. Shi kuwa mutum ne da ke zuba suga a shayi har sai cokali ya yi nauyi. Maman 'Yan Biyu ta yi magana ta gaji, ya yi kunnen uwar shegu da ita, sai ta kira babbar cikin tagwayen, wadda ta gado bakin uwar da taurin kan uban. Ita ta tasa shi gaba zuwa asibitin unguwa. Likita ya duba jini, ya rubuta magani, ya ce kowace Laraba da safe ya riƙa zuwa aji.

"Aji kuma? Da furfurata?"

"Akwai waɗanda suka girme ka a ciki, Baba," in ji likita.

Ajin wani ɗaki ne a bayan wurin karɓar magani. Benci-benci ne a jere, da fanka mai ƙara a sama, da hoton tafin ƙafa ƙato a bango an yi masa jajayen ɗigo. Mai koyarwa wata ma'aikaciyar jinya ce, gajeriya, mai muryar da ta fi ƙarfin jikinta, kowa Sista yake ce mata. Tana da wani farantin roba da ta ja wa layi da fenti, tana ɗaga shi tana nunawa: rabi ganye, nan ɗan nama ko wake, nan kuma, wannan ɗan lungun da ko kyanwa ba zai ƙosar ba, shi ne na shinkafa. Ta koya musu yadda mutum zai gane sugansa ya faɗi, in ya ji jiri da gumi da rawar hannu, da dalilin da zai sa kullum ya ajiye alewa a aljihu. Ta koya musu kada su daina shan magani don sun ji sauƙi. In an gama magana sai ta fito da su fili su zagaya asibitin a ƙarƙashin itatuwa, ita a gaba tana tafa hannu, su a baya suna mita.

Abin da ya fi daɗi shi ne farkon zama. Sista takan riƙe ƙugu ta ce, "To, wa ya yi sata a makon nan?" Sai kowa ya kalli na kusa da shi. Can wata tsohuwa mai sayar da yadi ta ɗaga hannu ta ce jikanta ne ya bar rabin lemon kwalba, ita kuwa ba ta son ɓarna. Wani ya ce shi zuma ya sha, ai zuma magani ce. A yi ta dariya, Sista ta yi faɗa, a kuma koyi wani abu. Mutanen da a gidajensu an mayar da su abin tausayi, ana ɓoye musu gwangwanin suga kamar yara, a ɗakin nan suke sakin jiki su yi wa ciwonsu ba'a. Yanzu an daina ajin. An ce saƙo ake tura wa mutum a waya, ɗakin kuma karyayyun kujeru aka jibge a ciki. Wayar dai ba ta taɓa riƙe ƙugu ta tambayi kowa ko ya yi sata ba.

Baba Gwaji, wanda aka kawo da ƙyar, sai ga shi yana riga kowa zuwa. Ya rage suga har ya saba da ɗacin shayi. Ya sa matarsa ta ja wa farantinsa layi. A nan ya yi aboki, wani tsohon direban bas mai ƙaton ciki da ƙatuwar dariya, wanda ake kira Direba kawai. Ƙa'idar ajin ce, kafin a tashi kowa ya cire takalmi, a zauna bibbiyu, maza da maza, mata da mata, kowa ya ɗora ƙafar ɗan'uwansa a cinya ya duba ta: tafi, dunduniya, tsakanin yatsu, ko akwai tsaga ko kumburi ko wurin da ya canza launi. Abokin ƙafa ake ce wa wanda aka haɗa ka da shi, in ka yi fashi shi za a tambaya. Baba Gwaji da Direba aka haɗa.

"Wannan ƙafar taka ai faranti ce," Baba Gwaji yakan ce. "Birki ya baje ta."

"Taka fa? Ta shiga takalmin kowa a garin nan, har na amare."

A komai Baba Gwaji ɗalibi ne na kirki, ban da darasi ɗaya. Ranar da Sista ta zo kan kula da ƙafa, ta ce kada su taka ƙasa ba takalmi, kada su sa takalmi ba safa, su riƙa zura hannu su lalube ciki kafin su sa, kuma ko da wasa kada su sa takalmin wani. Tana faɗin na ƙarshen aji gaba ɗaya ya juya ya kalle shi, aka fashe da dariya.

"Sista," ya ce, "maganar faranti taki ce, na bi. Maganar takalmi kuwa a bar mini."

"Baba, ba takalmi nake koya maka ba. Suga yana cin jijiyoyin ƙafa a hankali, har ta daina jin zafi. Mutum sai ya taka kwalba bai sani ba. Ciwon kuma in ya samu ba ya saurin warkewa. Ka ga mutumin da ke zama a baranda da ƙafar wando a naɗe? Ƙaya ce ta fara masa."

Ya ga mutumin, kowa ma ya gan shi. Baba Gwaji yakan kawar da kai in zai wuce ta gabansa.

A ranar nan Sista ta zo da wani siririn tsinken roba, kamar gashin burushi. Mutum zai rufe ido, ta taɓa masa wurare a tafin ƙafa, in ya ji ya ce ya ji. Da aka zo kansa ya rufe ido, ya jira. Ya ji fanka, ya ji tarin Direba, bai ji komai a ƙafa ba. Sai ya ɗan buɗe ido kaɗan ta ƙarƙashin gashin ido, yana ganin hannunta ya motsa sai ya ce, "Na ji." Haka ya yi har ta gama, ta ce madalla, ƙafar gwani daban ce. Ya yi murmushi, aka tafa masa.

Gaskiyar magana, ya daɗe da sanin akwai wani abu. Yakan ji kamar da safa a ƙafarsa alhali babu. Akwai ranar da silifas ya zame masa a hanya, sai da ya yi nisa wata mata ta kira shi ta nuna masa. Bai gaya wa kowa ba. Ai in ƙafar nan ta daina ji, to mene ne Baba Gwaji? Wani tsoho ne kawai mai buga ƙusa, irin wanda ake samu a kowace kwana. Ya gwammace ya yarda cewa gajiya ce.

Ana nan sai hedimastan makarantar da ke bayan tasha, mutum mai sanyin hali wanda ya daɗe yana kawo masa aiki, ya zo da baƙin takalminsa a leda. Kwana biyu kafin nan Baba Gwaji ya sake masa dunduniya. Hedimasta ya gaishe shi, ya rage murya don kada maƙwabta su ji.

"Baba, ka yi haƙuri, akwai ƙusa a ciki. Ta huda mini safa."

"A aikina?"

"Wallahi da ban ji ba ba zan dawo ba."

"Malam, da ƙafata na gwada shi. Har turke na je na dawo."

Ya karɓa a fusace, ya wanke ƙafa, ya zura, ya miƙe ya taka da ƙarfi a gabansa, ya sake takawa, har da ɗan tsalle. "Ina ƙusar? Lafiya lau yake."

Hedimasta ya dube shi, ya ce a hankali, "Sa yatsanka, Baba. Can gaba, wajen da tafi ke zama."

Ya cire, ya zura yatsan hannu. Abu ya soke shi har sai da ya zabura. Ba ma a dunduniyar da ya gyara take ba, wata ce da ya ƙara a gaba don ya kama bakin da ya ɗago, ta shige ta fito tsaye. Ya kifa takalmin a kan ƙarfe ya lanƙwasa ta, ya miƙa wa mai shi ba tare da ya ɗaga kai ba. Da mutumin ya tafi ya mayar da ƙafa cikin bokiti, sai ya ga ruwan yana sauya launi. Ya ɗago ta ya leƙa. A ƙarƙashin babban yatsa akwai rami, sabo a kan na shekaranjiya, gefensa ya riga ya yi ja. Ko ɗigon zafi bai ji ba.

Ya san abin da ya kamata ya yi, an faɗa musu ya fi a ƙirga: ciwo a ƙafa, komai ƙanƙantarsa, ranar za a kai shi asibiti. Amma in ya je za a tambaye shi me ya soke shi, zai ce ƙusa. Ƙusar wa? Tasa. A takalmin wa? Na wani. Sannan maganar leƙen da ya yi ta fito. Kunya ta rufe shi, kunyar da ta fi tsoro ƙarfi a ranar. Sai ya yi wa ƙafar irin gyaran da ya iya. Ya wanke, ya cusa auduga, ya manna filasta, ya yanko lallausar fata ya fafe tsakiyarta ya shimfiɗa a cikin takalminsa don kada wurin ya taɓa ƙasa. Aiki ya yi kyau, shi kansa ya yaba.

Laraba ta zo bai je aji ba, ta sake zagayowa bai je ba. A gida ya koma kwana da safa, ya ce sanyi yake ji. Maman 'Yan Biyu ta ce wane irin sanyi ana wannan zafi, ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba, ta tashi ta koma kan kekenta. Gwaji kuma bai daina ba, don in ya daina layi zai tambaya. Da ƙafar hagu ya koma yi, yana zuwa turke yana dawowa da kai a karkace, alhali ita ma ba abin da take gaya masa. In mutum ya tafi sai ya bi zuciyarsa da addu'a kada a dawo. Jikinsa ya fara zafi da yamma, takalmin dama ya fara matse shi. Tsoro ya zo daga baya, ya zauna masa a ƙirji, amma a lokacin yana ganin ya riga ya makara da faɗa.

Wata Laraba da hantsi sai ga Direba ya tsallako titi yana haki. Bai kawo takalmi ba. Ya zauna a bencin masu jira, bencin ya yi ƙara.

"Sista ta ce in zo in ga ko ka mutu ba a gaya mana ba."

"Aiki ne ya yi yawa."

Direba ya dubi rumfar. Takalma biyu ne a rataye, sun sha ƙura. Ya ja hanci, ya sake ja. Ƙarƙashin warin gam akwai wani wari da ba na gam ba.

"Yaushe ka fara sa sau-ciki da safa a wurin aiki?"

"Kai ɗan sanda ne?"

"Abokin ƙafarka ne. Cire mu gani."

"Ka tashi ka ba ni wuri, ina da abin yi."

Direba bai tashi ba. Ya sunkuya da ƙyar saboda ciki, ya kwance igiyar takalminsa, ya cire safa, ya ɗaga ƙatuwar ƙafar nan ya ɗora a cinyar Baba Gwaji, a bakin titi, mutane na wucewa suna kallo.

"To duba mini tawa. Tun da ka ɓace wani akawu aka haɗa ni da shi, daga nesa yake leƙe kamar za ta cije shi. Ni kuma cikin nan ya hana ni ganin ƙasa, ka sani."

Baba Gwaji ya so ya ture ta, amma hannunsa ya riga shi. Ya juya ta, ya duba dunduniya, ya buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya danna tafin. Ya karɓi ɗayar ma ya duba.

"Lafiya lau. Ka dai riƙa shafa mai, ta bushe."

"Na gode. Saura kai."

Bas ta zo ta sauke mutane ta tafi. Sannan Baba Gwaji ya sunkuya ya kama takalmin dama. Bai fita da sauƙi ba, sai da Direba ya taya shi ja. Safar ta manne, suka jiƙa ta da ruwan bokiti. Da ta fita Direba ya yi salati. Babban yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya bi sahu, kumburi ya hau har idon sawu, fatar tana sheƙi.

"Ƙusata ce," in ji Baba Gwaji. "Ni na buga ta."

"Ko ta wa ce. Tashi."

Direba ne ya ja ƙofar rumfar ya datse kwaɗo, ya tare mota, ya aika a gaya wa Maman 'Yan Biyu. A asibiti Sista ta fito daga aji da farantinta a hannu, ta duba ƙafar, ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi.

"Sista, ranar tsinken nan, leƙe na yi."

"Bar wannan yanzu, Baba. Ɗaga mini ita nan."

Aka wuce da shi babban asibiti, aka ba shi gado, aka ɗaura masa ruwa da allurai. Maman 'Yan Biyu ta iso mayafi a karkace. Ta ga ƙafar, ta zauna a bakin gado ta juya masa baya. Sai da ma'aikata suka fita ta yi magana.

"Malam, ɗaki ɗaya muke kwana. Me na yi maka da za ka ɓoye mini ƙafarka?"

Ya so ya ce kunya ce, sai ya ga kalmar ta yi ƙanƙanta a gaban abin da ke kan gadon.

Bayan 'yan kwanaki likitan tiyata ya zo da alƙalami. Ya ja layi a bayan yatsu, ya haura ya ja wani a ƙarƙashin gwiwa. Ya yi bayani ba ɓoye-ɓoye: in sun buɗe sun tarar naman ciki da rai, jini na zuwa, a layin ƙasa za su tsaya. In ruɓar ta riga ta haura, sai na sama. Ba zai iya yin alkawari ba sai ya gani. Baba Gwaji ya dubi layukan da idon mai sana'a, irin su yake ja a kan fata kafin ya yanka.

"Likita, ko a ina ka tsaya, ka bar wurin ɗinki."

"Zan bari, Baba."

Da safen da za a shiga da shi 'yan aji suka zo a jere, kamar masu zagayen asibiti. Tsohuwa mai yadi ta ɓoyo masa alewa a bakin zane, Sista ta kama ta, tsohuwar ta ce ai ta faɗuwar suga ce, aka yi 'yar dariya. Direba kuwa bai tsaya wajen rahar ba. Ya dai riƙe ƙarfen gadon ya bi shi har ƙofar da ba a wucewa. Daga baya, in Baba Gwaji yana ba sababbin 'yan aji labarin nan, duk yakan ba da shi da raha, har ya kwaikwayi tsallen da ya yi a gaban hedimasta. In ya zo nan ne muryarsa ke sauka.

Ya farka da la'asar, bakinsa a bushe, rana ta shigo ta taga ta kwanta a bango. An ɗora wani keji na ƙarfe a ƙarshen gadon an lulluɓe da zane, ba a ganin abin da ke ƙarƙashi. Ya aika hankalinsa can ƙasa ya saurara, kamar yadda ya saba. Shiru. To amma shirun nan ba ya nufin komai, da ƙafar da babu ƙafar duk haka zai ji. Ya rufe ido da sauri. Mutumin da ya yi leƙe a gaban Sista yau ya kasa leƙawa.

Ya ji motsi a gefensa, ya san numfashinta ne.

"Maman 'Yan Biyu."

"Na'am, Malam. Sannu."

"A ina suka tsaya?"

Ya ji ta tashi, ya ji takunta zuwa ƙarshen gado, ya ji an yaye zane, an janye ƙarfe.

"Buɗe idonka."

"Ki faɗa mini kawai."

"Buɗe, Malam. Ga dunduniyarka a tafin hannuna."

Ya buɗe. Ƙafar tana nan, an naɗe gabanta da farin bandeji, ta gajarce, ba yatsu. Layin alƙalamin da ke ƙarƙashin gwiwa yana nan yadda aka ja shi, ba a taɓa shi ba. A ƙasa kuma ga hannunta, hannun nan da allura ta sossoke, ya tallabe dunduniyar. Yana ganin yatsunta suna shafa fatar a hankali. Ya jira ya ji ɗuminsu, bai ji ba.

"Kina riƙe da ita?"

"Ina riƙe da ita."

"Riƙe da kyau," ya ce, hawaye na gangara masa cikin kunne. "Ni ba na ji. Sai dai ki riƙa gaya mini."

Ta jawo kujera da ƙafarta ta zauna a wurin, ba ta saki ba.